Garin Kaboyin da Baba Ya Aike Ni In Gano Masa

Mahaifina ne ya jawo wannan tafiya. Dillalin shanu ne, ya haura shekara arba'in yana bin kara, yau Wudil, gobe Maigatari, jibi Potiskum, kuma a samartakarsa ya sha kallon finafinan kaboyi a silima. Tun da na zo karatu jihar Kansas, da wuya mu yi waya bai tambaye ni ba: "Wai garuruwan nan na kaboyi akwai su da gaske, ko duk ƙaryar silima ce?" Ni kuma in ce, "Baba, akwai ɗaya kusa da mu, in Allah Ya yarda zan je in gano maka." Haka na yi ta ja har shekara ta zagayo. Ranar da ya ce mini, "To Likita, alkawarin naka ya koma na ɗan siyasa," ranar na ce wa maiɗakina ta shirya, Asabar mai zuwa sai Abilene.

A Manhattan muke zaune, amma ba ta New York ba, wata ƙarama ce a tsakiyar Kansas inda jami'ar jihar take. Wanda ya yi karatun likitan dabbobi a Zariya ya san sunan jami'ar, don malamanta ne suka taimaka aka kafa tsangayarmu a farkon shekarun 1960. Daga nan zuwa Abilene kilomita 70 ne da 'yan kai, tafiyar da ba ta kai awa guda ba.

Abin da na fara koya shi ne, irin waɗannan ƙananan garuruwa ba a faɗa musu haka kawai. Yawancin wuraren kallon da bazara suke aiki, wasu ma sai Asabar da Lahadi, kuma masu kula da su galibi tsofaffi ne 'yan sa-kai da suka yi ritaya. Na duba ranakun buɗewa a intanet, na zaɓi ƙarshen watan Yuni. Sai da motarka, don babu tashar da za ka je ka jira a cika a tashi. Uwargida ta yi mana dafa-duka da soyayyar kaza ta zuba a kula, saboda a gidajen abincin ƙauyen Amurka naman alade yana iya ɓuya har cikin wake. Muka ɗauki darduma, da gorar ruwa babba wadda za ta yi aikin buta. Abu ɗaya na raina: na ga an rubuta ana iya sayen tikitin jirgin ƙasan yawon buɗe ido da ke garin tun daga gida, na ce haba, ƙauye ne, wa zai cika jirgi?

Ƙarfe takwas da rabi muka fita, ni da ita da 'yarmu mai shekara biyar. Muka wuce barikin sojan Fort Riley, muka hau babbar hanyar I-70 muka miƙa yamma. Farkon hanyar tuddan Flint Hills ne, ciyawa kore shar har inda ido ya tsaya, bishiya sai jefi-jefi a bakin rafi. Irin ciyawar da ta taɓa rufe tsakiyar Amurka ke nan, yanzu abin da ya rage bai kai kashi 4 cikin ɗari ba, kuma wannan ma dutsen da ke ƙarƙashinta ne ya cece ta, garma ta kasa shiga. Da ka wuce Junction City sai ƙasa ta kwanta, gonakin alkama su karɓi ido. Lokacin girbi ne, manyan injuna na ta yankan alkama suna tada ƙura. Kafin ka ga gidajen Abilene, dogayen rumbunan siminti na hatsi za ka fara hangowa.

Garin mutum 6,500 ne ko ƙasa da haka kaɗan. Muka fara tsayawa a ofishin baƙi, wanda ke cikin tsohuwar tashar jirgin Union Pacific. Wata dattijuwa ta tarbe mu da fara'a, ta tambayi daga ina, ta ɗauko taswira ta zagaye mana wurare da biro. Ita ta nuna mana cewa manyan wuraren duk a jere suke a kudancin layin dogo, ka ajiye mota wuri ɗaya ka taka da ƙafa. Sai ta ce, "Kun sayi tikitin jirgi?" Maiɗakina ta dube ni, ni kuma na dubi taswira. Da muka isa tashar, na safe ya cika. Sai na rana muka samu, shi ma a taragon da ba shi da gilashi. "Malam, ai ka ce ƙauye ne," in ji ta. Ban tanka ba. Wannan ganganci shi ya birkita mana tsarin yinin gaba ɗaya.

Muka shiga gidan tarihin gundumar Dickinson don mu ci lokaci, ashe nan ne gundarin abin da Baba ya aike ni.

Labarin labarin dillali ne. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, shanu sun yi wa Teksas yawa, miliyoyi suna yawo a daji, sa guda bai wuce dala uku ko huɗu ba. Shi wannan san, in ka kai shi biranen arewa, dala talatin zuwa arba'in ne. Matsalar ita ce kai shi. Sai wani matashin ɗan kasuwar dabbobi daga Illinois, Joseph McCoy, ya yi tunanin a kafa kara a inda hanyar shanu za ta haɗu da layin dogon da ake shimfiɗawa yamma. Ya zo Abilene a 1867, ya tarar da 'yan bukkokin katako da ba su wuce goma sha biyu ba. Ya sayi fili, ya kafa turakun shanu da ma'auni, ya gina masauki mai hawa uku don fatake, sannan ya tura mutum kudu a kan doki ya tari masu kore ya ce musu ga kasuwa ta buɗe. Ran 5 ga Satumba na shekarar, taragu 20 na farko suka tashi zuwa Shikago. Kafin shekarar ta ƙare an yi lodin kai 35,000. Na tsaya gaban hotonsa ina murmushi, don duk abin da ya yi na san shi a gidanmu: ka sauki baƙo, ka ba shi makwanci, ka tsare masa dukiya, ka haɗa shi da mai saye, ka ci la'adarka.

Burtalin da suke bi shi ake kira Chisholm, sunan wani ɗan kasuwa ne, Jesse Chisholm, wanda mahaifiyarsa 'yar ƙabilar Cherokee ce, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin Amurka. Shi kaya yake fatauci da keken shanu, sawunsa kawai masu kore suka bi. Garke guda yakan kai kai 2,500 zuwa 3,000, da mutum goma ko goma sha biyu, da mai dafa abinci. Ba a gaggawa, kilomita 15 zuwa 20 a yini, don dabba ta yi kiwo a hanya kada ta iso kasuwa a rame. Wata biyu zuwa uku ana tafe. Albashin ɗan kore wajen dala talatin ne a wata. A hotunan da ke bango na ga abin da silima ta ɓoye wa Baba: yara ne matasa, ramammu, kaya duk ƙura, kuma da yawansu baƙaƙen fata ne da 'yan Meziko. Shanun kuwa dogayen ƙahonin nan ne, in ka gan su sai ka tuna rahaji, illa ba su da tozo.

Inda na daɗe a tsaye, har uwargida ta ja yarinya suka yi gaba, shi ne wajen bayanin cutar da suke kira zazzaɓin Teksas. Duk inda garken kudu ya bi ya wuce, bayan 'yan makonni sai shanun manoman wurin su kama zazzaɓi, su yi fitsarin jini, su mutu. Su kuwa na Teksas lafiyarsu ƙalau. Ba wanda ya san dalili. Wasu suka ce yawu ne, wasu suka ce numfashi, wasu suka ce kofato. Kaska ce. Shanun kudu sun saba da cutar tun suna maruƙa, sai su ɗauko kaskar su zubar a ciyawa, ta hau na gida waɗanda ba su taɓa haɗuwa da ita ba. Sai a 1893 Theobald Smith da Fred Kilborne suka tabbatar da haka, kuma shi ne karo na farko da aka nuna ƙwaro irin wannan yana ɗaukar cuta daga dabba zuwa dabba. Mun rubuta wannan a jarrabawa a Zariya, na haddace sunayen da shekarar, amma ban taɓa kawowa a raina cewa rigimar manoma da makiyaya ce ta haifi binciken ba.

Don rigima ce sosai. Tun kafin McCoy ya zo, Kansas tana da dokar hana shanun Teksas shiga gabashin jihar, kuma Abilene tana cikin yankin da aka hana. Aka lallaɓa manoma da alkawarin diyya da cinikin ciyawa da hatsi, hukuma ta kau da kai. Kasuwa ta yi ta bunƙasa, har a 1871 aka koro shanu wajen 600,000 zuwa Kansas. To amma manoma su ma ƙaruwa suke yi, don dokar 1862 ta ba duk wanda ya zauna ya noma fili shekara biyar eka 160. Shanu suna tattake shuka, cuta tana kashe na gida, mashaya da gidajen caca da na mata masu zaman kansu sun cika kudancin gari. A watan Fabrairun 1872 ƙungiyar manoman gundumar ta fitar da sanarwa, aka buga har a jaridun Teksas, cewa masu kore su nemi wata kasuwar. Suka kuwa nema: Ellsworth, Wichita, daga baya Dodge City. Duk zamanin kaboyin Abilene, wanda ake ta yi wa fim, kaka biyar ne. Daga nan alkama ta gaje filin, wayar shinge mai ƙaya ta zo bayan 1874 ta rufe sauran. Kafin su duka, ƙasar ta ƙabilar Kanza ce, wadda jihar ta ci sunanta, su kuma a 1873 aka kwashe su aka kai kudu. Wannan ɓangaren ba shi da masu wasan kwaikwayo.

Kukan kiɗa ne ya fito da ni. A bayan ginin akwai lilon dawakin katako mai juyawa wanda kamfanin C. W. Parker ya ƙera a nan garin a 1901, dawaki 24, duk sassaƙar hannu. Har yau yana aiki, kuma ana hawa. Wani tsoho mai hular hana-salla ya ɗaga 'yarmu ya ɗora ta a kan wani fari, ya nuna mata inda za ta riƙe. Wuyan dokin ya yi santsi saboda hannayen yaran da suka riƙe shi shekara ɗari da ashirin. Da ya tashi, gudunsa ya fi yadda na zata. Zagayen farko ta runtse ido ta ƙanƙame, na biyu ta buɗe ido ɗaya, na uku tana ihu, "Abba, ka ga dokina!" Sau uku muka biya. A cikin ginin kuma akwai ɗakin tsofaffin wayoyin tarho, saboda kamfanin tarhon da daga baya ya zama babban kamfanin sadarwa na Sprint a nan wani C. L. Brown ya fara shi a 1899. Leƙawa kawai muka yi.

Da tsakar rana muka taka zuwa Old Abilene Town. Titi ne guda da aka sake ginawa don baƙi, da dandamalin katako a gaban shaguna, da mashaya inda ake sayar da lemon kwalba, da kurkuku, da wasu tsofaffin gine-ginen gungume na gaske da aka ɗauko daga ƙauyuka. Muka zauna a benci, 'yan wasa suka fito da huluna da bindigogi. Aka yi cacar baki, aka ja kunama, harsashin wasa ne amma ƙararsa ta gaske ce. Yarinya ta faɗa jikin uwarta. Mutum uku suka zube, aka tafa, suka tashi suka kaɗe wando suka tsaya ɗaukar hoto da yara. Na ɗaukar wa Baba bidiyo, don na san shi yake jira.

A raina kuwa na ce an cika gishiri. Wani masanin tarihi ya bi jaridun lokacin ya ƙirga kisan da aka yi a manyan garuruwan shanu biyar na Kansas daga 1870 zuwa 1885, ya samu 45 kacal. Fim ɗaya yana iya kashe fiye da haka kafin a je hutun rabin lokaci. Shugaban 'yan dokan da ya fara saita Abilene a 1870, Tom Smith, hana shiga gari da bindiga ya yi, kuma da ƙulli yake ladabtar da mai gardama. Wanda ya fi suna, Wild Bill Hickok, wata takwas kawai ya yi a 1871. A daren 5 ga Oktoba ya harbe wani mai mashaya, Phil Coe, sai ya ji gudun mutum a bayansa, ya juya ya sake harbi. Abokinsa ne, Mike Williams, ya taho kawo masa ɗauki. A watan Disamba gari ya sallame shi.

Azahar a can da bazara sai wajen ɗaya da rabi. Muka samu inuwar bishiya kusa da inda muka ajiye mota, muka yi alwala da gorar nan, muka duba alƙibla a waya. Iskar Kansas ba ta barin darduma ta kwanta, sai da na danne gefe biyu da takalma. Ba wanda ya ce mana uffan. Muka ci dafa-dukarmu a gurguje muka nufi tasha.

Jirgin yana tashi ne daga tsohuwar tashar Rock Island ta 1887, ya je wani ƙauye mai suna Enterprise, kilomita takwas, ya dawo. Suna da kan jirgi mai tururi na 1919, amma ba kullum ake hura shi ba, mu na dizal ne ya ja mu. Tafiya yake kamar ta hawainiya, ta cikin gonakin masara da waken soya, ya haye gadar ƙarfe a kan kogin Smoky Hill, ruwan ja kamar na damina. Mai duba tikiti dattijo ne, ya ce mini duk ma'aikatan jirgin ba mai karɓar albashi. Da daɗi, ban musa ba, amma zafin ƙarfe biyu na rana a buɗaɗɗen tarago ba wasa ba ne, ga iska mai ɗumi kamar daga bakin tanda. Yarinya ta yi barci tun kafin gada. Uwargida tana fifita da taswirar nan, ba ta ce komai ba, wanda ya fi faɗa ciwo.

Muka dawo saura kamar awa guda a rufe harabar tunawa da tsohon shugaban Amurka Dwight Eisenhower, wurin da ya kamata a ba shi rabin yini. Nan na biya kuɗin gangancina. Muka sayi tikiti, aka haɗa mu da rukunin ƙarshe masu shiga gidan da ya tashi, don kaɗan-kaɗan ake shigar da mutane tare da mai rakiya.

Gidan ɗan ƙarami ne, fari, na katako, a kudancin layin dogo, wato ɓangaren talakawa. Iyalin sun shige shi a 1898, uwar ta zauna a ciki har ta rasu a 1946, kuma kayan ɗakin nata ne na asali. 'Ya'ya maza shida aka rena a nan. Uban a kamfanin sarrafa madara yake aiki, yaran suna noman kayan miya a bayan gida suna kaiwa unguwar masu hali su sayar. Ka tsaya a ɗan matsattsen falon nan ka tuna cewa ɗaya daga cikinsu ne ya jagoranci sojojin ƙawance suka tsallaka zuwa Faransa ran 6 ga Yuni 1944, sannan ya mulki Amurka daga 1953 zuwa 1961. Uwar kuwa addininta ya hana yaƙi, ranar da ya tafi makarantar soja a 1911 kuka ta yi. A zamaninsa Nijeriya ta samu 'yancin kai, gwamnan New York na lokacin, Nelson Rockefeller, ya tura ya wakilce shi a Legas. Hanyar da muka biyo da safe ma tasa ce, shi ya sa hannu a dokar manyan hanyoyin ƙasar a 1956. Gidan tarihin nasa da sassarfa muka ratsa shi, ba zan ce na gani ba.

Kabarinsa na cikin wani ɗan gini mai shiru a gefen harabar, tare da matarsa da ɗansu na fari da ya rasu yana ɗan shekara uku. Ya rasu a 1969, aka kawo gawarsa da jirgin ƙasa daga Washington, cikin akwatin soja na dala 80 irin wanda ake ba kowane kurtu, bisa wasiyyarsa. A Teksas aka haife shi a 1890, shekara 18 bayan garin ya kori shanun Teksas.

Katafaren gidan Seelye mai ɗaki 25, wanda wani mai haɗa magunguna ya gina a 1905, ta waje muka gan shi. Gidan tarihin karnukan tsere yana tsallaken titi daga harabar Eisenhower, an ce har da karnuka masu rai da ke tarbar baƙi a ƙofa. Uwargida ta ce a kai kasuwa.

Da yake rana ba ta faɗuwa sai kusan tara, bayan la'asar muka biya maƙabartar gari a arewa. Ina son in ga kabarin Tom Smith. Wani jan dutse ne babba da allon ƙarfe a jikinsa. Wata biyar ya yi yana riƙe da gari, bai kashe kowa a cikinsa ba. Ran 2 ga Nuwamba 1870 ya fita bayan gari kamo wani da ake zargi da kisa, aka harbe shi, aka ƙarasa shi da gatari. Waɗanda suka kashe shi ba kaboyi ba ne, manoma ne guda biyu.

A hanyar dawowa na tura wa Baba komai ta WhatsApp, hotuna sun fi hamsin, da bidiyon harbe-harben, da dogon saƙon murya kan McCoy da kaska da sanarwar 1872. Lokacin dare ya raba a gida, don suna gabanmu da awa shida. Da asuba na tashi na tarar da amsarsa, minti huɗu. Ya yi dariyar 'yan wasan, ya ce wanda ya faɗi na biyu bai iya mutuwa ba. Ya ce mutumin nan McCoy dillali ne na ƙwarai, amma ya yi sake da ya bar manoma suka fi shi shiga wurin hukuma. Ya sa wa jikarsa albarka, ya ce a gaya mata dokinta ya fi na Sarkin Dawaki. Sai ya yi shiru kaɗan, ina jin carbinsa, ya ce, "To amma Likita, na duba hotunan nan ɗaya bayan ɗaya har sau biyu. Ina shanun?"

Na koma cikin wayata na bincika. Hoto ɗaya na samu, wanda uwargida ta ɗauka ta tagar mota kusa da Junction City: wasu baƙaƙen shanu marasa ƙaho, su bakwai, a tsaye bayan waya mai ƙaya. Shi na tura masa.